Aladun daji a filayen Teksas: tambayoyin da mutanenmu ke yawan yi

Jama'armu mazauna Houston da Dallas da San Antonio da yawa yanzu sun fara sayen fili a bayan gari, wani eka biyar wani ashirin, a zuba 'yan awaki da tumaki saboda layya da suna, a shuka masara da kuɓewa da yakuwa. To duk wanda ya shiga wannan harka ba ya daɗewa zai haɗu da aladen daji, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne suke ta dawowa. Ga su nan na tattara, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi.

1. Wai daga ina aladun nan suka fito, dama can akwai su a Amurka?

A'a, babu alade a nahiyar kafin zuwan Turawa. Mutanen Sifaniya ne suka shigo da su a matsayin guzuri mai tafiya da ƙafarsa, kuma wanda aka fi ambata shine Hernando de Soto da ya sauka Florida a 1539. Bayan haka manoma sun shafe ɗaruruwan shekaru suna sakin aladunsu su yi kiwo a daji, wasu su dawo wasu su ɓata. Sai kuma masu sha'awar farauta suka kawo aladen dajin Turai a farkon ƙarni na 20, a Teksas wajen shekarun 1930, suma suka tsere daga inda aka killace su suka yi barbara da na gida. Shi yasa zaka ga wani baƙi ƙirin mai dogon hanci, wani ja, wani mai dabbare-dabbare, duk jinsi ɗaya ne.

Ma'aikatar noma ta Amurka ta ƙiyasta sun haura miliyan 6 a jihohi aƙalla 35. Teksas ce kan gaba da kusan miliyan 2.6 a wani ƙiyasi na jami'ar Texas A&M, kuma ana samunsu a gundumomi 253 cikin 254 na jihar, El Paso ce kaɗai aka cire.

2. Shine gadu ɗin da muka sani a gida?

Ba shi bane. Gadu irin wanda ke yawo a gandun dajin Yankari dabbar Afirka ce, yana durƙusawa da gwiwa in zai ci abinci, kuma haihuwarsa bata kai ta wannan ba ko kusa. Amma akwai gadu kaɗan a kudancin Teksas, waɗanda suka kuɓuce daga gandun masu kiwon namun dajin ƙasashen waje suka bazu.

Wanda ya kamata ka kiyaye shine wata ƙaramar dabba mai ruwan toka da farin zobe a wuya, ana ce mata javelina, tana kudanci da yammacin jihar. Kamar alade take a ido amma doka ta ware ta daban, sai da lasisin farauta, kuma guda biyu kacal aka yarda a shekara. In ka harbe ta da sunan alade zaka iya shiga matsala, don sassaucin da ke tambaya ta 6 bai shafe ta ba.

3. Ban taɓa ganinsu ba, ta yaya zan gane suna shigo min fili?

Da dare suke aiki, musamman lokacin zafi, don haka ɓarnar zaka fara gani kafin su. Ka tashi da safe ka tarar da ciyawa an birkice ta kamar an saka garma an yi huɗar ganganci, rami nan tudu can, wani wurin zurfin ya kai gwiwa in ƙasar na da laushi. Ka duba bakin tafki ko rafi zaka ga kwarin taɓo inda suka yi birgima, tunda basa gumi sai da taɓon suke sanyaya jiki. Kusa da wurin akwai bishiya ko turken waya ko falwaya da taɓo ya bushe a jiki har da gashi, nan suke goga jiki. Sawunsu yafi na barewa faɗi da zagaye.

Mafi sauƙi dai ka sayi kamarar daji ka ɗaure a bishiya kusa da ruwa ko inda suka huda shinge. Zata nuna maka su nawa ne da ƙarfe nawa suke zuwa, kuma wannan lissafin shine tushen aikin tarko a tambaya ta 7.

4. Wace irin ɓarna suke yi takamaimai?

Masara suka fi ɗaukar wa alhaki, kuma sau biyu. Ranar da aka shuka suna bin layi tiryan-tiryan suna tono irin ɗaya bayan ɗaya, manomi ya wayi gari sai ya sake shuka da sabon iri da sabon mai. In ta yi goyo ta fara nono kuma su dawo su kwantar da karan, abin da suka tattake yafi wanda suka ci. Haka gyaɗa, dawa, shinkafa, alkama, dankali, kankana. Wanda ya taɓa noma gyaɗa zai gane ciwon, domin tana ƙasa, su kuma tono ne sana'arsu.

Filin ciyawar dabbobi ɓarnarsa tafi daɗewa. Inda suka tone ciyawa mai kyau bata dawowa da wuri, ƙaya da ciyayi marasa amfani ne ke rigan fitowa, ramukan kuma su karya injin yankan ciyawa ko su sa tarakta tafiyar hawainiya, sai ka sake kashe kuɗi ka baje wurin ka watsa iri. Masu kiwo su sani alade na cin nama, yana cinye ɗan akuya ko ɗan tunkiya da aka haifa yanzu, sau da yawa ko ƙashi baya bari, mai garke yayi ta zargin kerkecin daji ko ya ɗauka ɓari uwar tayi. Suna kifar da kwamin ruwa, su cinye abincin dabbobi, su ɗaga waya ta ƙasa su bar ƙofar da awaki zasu bi su fice.

Sannan ga wadda ba a gani a aljihu nan take. Suna fasa ƙwan tsuntsayen da ke sheƙa a ƙasa irin su talotalon daji, a bakin teku suna tone ƙwan kunkuru, suna tumɓuke dashen bishiyoyi, suna zubar da gaɓar rafi su cika ruwan da kashi. A 2006 an samu ɓarkewar cutar E. coli daga alayyafon da aka noma a Kalifoniya, mutum wajen 200 suka kamu uku suka mutu, kuma aladun daji na cikin abin da masu bincike suka zarga. Har maƙabartu da filayen wasa da farfajiyar gidaje a gefen birni basu tsira ba. An daɗe ana cewa asarar duk ƙasar dala biliyan 1.5 ce a shekara, wani ƙiyasi da ya biyo baya ya ce biliyan 2.5.

5. Ana ta kashe su kullum, me yasa basa ƙarewa?

Haihuwa. Mace na iya ɗaukar ciki tun tana wata shida zuwa takwas, cikin kwana 114 ne wato wata uku sati uku kwana uku, tana zuba huɗu zuwa shida wani lokaci har goma sha, kuma in abinci ya wadata tana iya haihuwa sau biyu cikin shekara da 'yan watanni. Babu wani naman daji da ke cin manyansu da har zai rage su. Ga abinci a banza, domin mafarautan barewa a Teksas suna zuba masara mai ɗimbin yawa a daji duk shekara, aladu na cin rabonsu.

Masana sun lissafa sai an kawar da kusan kashi 70 cikin 100 duk shekara kafin adadin ya tsaya cak, ba ma ya ragu ba. Abin da ake kashewa a Teksas bai kai rabin haka ba.

6. Ina da bindiga, ba sai in riƙa harbe su ba? Doka ta yarda?

Ta yarda. A filin da ba na gwamnati ba babu lokacin farauta babu iyakar adadi, dare da rana, kuma tun 1 ga Satumba 2019 ba a buƙatar lasisin farauta in dai mai filin ya amince. Filin gwamnati dokarsa daban. In da dare zaka fita ka kira jami'in kula da namun daji na gundumarka ka sanar da shi, kar maƙwabci yaji harbi ya kira 'yan sanda. Sannan ka tabbatar takardun zamanka sun baka damar riƙe bindiga, don wannan dokar tarayya ce kuma ba wasa a cikinta, masu biza da yawa an hana su sai da wasu sharuɗɗa. In filinka ƙarami ne kusa da gidaje ka tambayi gunduma ko an yarda da harbi a wurin ma.

Amma gaskiya harbi ba magani bane, kuma nan ne mutanenmu suka fi yaudarar kansu. Mata da 'ya'ya suna tafiya garke guda, goma, ashirin, wani lokaci fiye. Ka harba sau ɗaya ka samu ɗaya ko biyu, saura sun watse, kuma alade na da wayo sosai, waɗanda suka tsira sun koyi darasi, zasu canja lokaci su koma gonar maƙwabci sati biyu su dawo. Inda bindiga ke da amfani shine babban namiji mai yawo shi kaɗai, ko ɗaya biyun da suka ƙi shiga tarko, ko korar su daga gona na 'yan kwanakin da iri ke tsirowa. In kana shirin kafa tarko kar ka yi harbi a wurin ko sau ɗaya.

7. To wane tarko ne ke aiki, kuma yaya ake kafa shi?

Babban keji mai zagaye wanda zai ɗauki garke duka a dare ɗaya. Ƙaramin akwatin nan da ake sayarwa yana kama 'ya'ya biyu uku, uwar tana waje tana kallo, kuma daga ranar ba zata sake kusantar ƙarfe ba. Shi babban ana haɗa shi da allunan waya masu kauri, tsawon kowanne ƙafa 16, tsayi ƙafa 5 don suna tsalle, idon wayar kamar inci 4 saboda ƙananan kar su sulale, a kafe da turakun ƙarfe kusa da kusa. Kar a bar kusurwa, domin a kusurwa suke taruwa su hau bayan juna su haure. Ƙofa kuma ta yi faɗi, manya basa son shiga ƙuntataccen wuri.

Sirrin ba a ƙarfen yake ba, a haƙuri yake. Ka fara zuba masara a inda kamara ta nuna suna bi, babu tarko babu komai, har su saba zuwa kullum. Wasu na jiƙa masarar ta kwana da kwanaki tayi tsami, warin na janyo su, barewa kuma bata cika so ba. Sai ka kafa kejin ka ɗaure ƙofar a buɗe, ka riƙa matsar da masarar ciki kaɗan kaɗan. 'Ya'yan zasu fara shiga, tsohuwar uwa ita ce ta ƙarshe, tana iya ɗaukar sati ɗaya ko biyu ko fiye tana tsayawa a bakin ƙofa. In kamara ta nuna su 14 ne, to sai ka ga 14 a ciki dare biyu uku a jere kafin ka ɗana. Ka kama 11 ka bar uwa uku, wallahi aikin ya koma baya, domin ka bar masu haihuwar kuma ka koya musu tarko.

Akwai na zamani mai kamara da ke turo hoto a waya, kana kwance a Houston ka danna ƙofa ta faɗi, irin na Jager Pro, akwai BoarBuster da ke rataye a sama ya faɗo musu, akwai na raga irin Pig Brig da suke kutsawa ta ƙasa su kasa fita. Masu kamarar nan dubban daloli ne ga kuɗin layi duk wata, mai eka goma bai kamata ya saya shi kaɗai ba, duba tambaya ta 14.

8. Shinge fa, zai hana su?

Ga ƙaramin wuri eh, kuma ga mai lambun kuɓewa da garken awaki ina ganin nan ya kamata kuɗin farko ya tafi. Wayar ƙaya zalla bata tare alade. Ana son waya mai raga wadda ta taɓa ƙasa a ɗaure tam, a bi gindinta da wayar ƙaya, sannan ta waje a ja wayar lantarki layi biyu, ɗaya kamar inci 8 daga ƙasa ɗaya kamar inci 18, daidai hancinsu. Sai ka riƙa yanke ciyawar ƙarƙashi, in ta taɓa wayar wutar ta mutu. Inda shinge ya ƙetare rafi nan suke fara shiga.

Awakin da suka kusa haihuwa a dawo da su cikin wannan shingen kusa da gida. Fitila mai walƙiya, rediyo, turaren kora da ake talla, duk kwana kaɗan ne su saba.

9. Na ji ana harbinsu daga helikwafta, wasu kuma da karnuka. Wanne yafi?

Helikwafta na kashe da yawa cikin awa kaɗan in fili ne buɗaɗɗe, musamman lokacin sanyi da ganye ya zube. A dazukan gabashin Teksas masu duhu baya ganin komai. Sai da izinin hukuma da sa hannun masu filin, kuma tun 2011 doka ta yarda a sayar wa mafarauta kujera a jirgin. Aikin manyan filaye ne ko maƙwabta da suka haɗa dubban eka.

Karnuka ɗaya ɗaya suke kamawa, amfaninsu a ƙarshe ne bayan tarko, kuma ana asarar karnukan ta haure ko ta cutar da ke tambaya ta 11. Ma'aikatan gwamnati na da wata dabara, su kama mace ɗaya su sa mata abin wuya mai nuna inda take su sake ta, ita kuma ta kai su wurin sauran.

10. Ba guba ne kawai a zuba a huta?

Kar ka kuskura ka haɗa naka. Laifi ne, kuma karen maƙwabci da ungulu da awakinka ne zasu fara mutuwa. Guba ɗaya ce aka yi wa rajista, Kaput, mai sinadarin warfarin irin na maganin ɓera. An amince da ita a 2017 aka yi ta rigima kamfanin ya janye daga Teksas, sai a 2024 ta dawo, kuma sai mai lasisin feshin magani da ya yi horo. Ana zuba ta a mazubi mai murfi mai nauyi wanda alade ne kaɗai ke iya ɗagawa, sai sun ci kwanaki a jere, tana mayar da kitsensu shuɗi don mafarauci ya gane, gawar kuma dole a binne. Dabbobinka ba zasu yi kiwo a wurin ba har wata uku bayan an kwashe. Ga mai ƙaramin fili da awaki ban ga ribarta ba. A Ostireliya suna amfani da wata mai sodium nitrite, a gwajin da aka yi a Teksas ta kashe ƙananan tsuntsayen da suka ci ɓurɓushi.

11. Suna kai wa mutum hari? Cuta fa?

Yawanci gudu suke yi. Haɗarin yana wurin wanda aka ji wa rauni, ko aka ritsa, ko uwa mai 'ya'ya. Babba na kai kilo 100 ko fiye kuma yafi mutum gudu nesa ba kusa ba. A Nuwamba 2019 sun kashe wata mata da asuba a ƙofar wani gida a garin Anahuac gabas da Houston, don haka yara kar su fita su kaɗai da duhu a filin da ake ganin sawu. Wanda yafi yawa shine karo da mota a hanyar ƙauye da dare.

Cututtuka suna ɗauke da wajen 30. Brucellosis na kama mutum ta jini ko ruwan jikin dabbar in akwai ƙujewa a hannu, zazzaɓi ne mai tafiya yana dawowa, wanda ya saba da maleriya zai iya ɗauka ita ce, to ka gaya wa likita ka taɓa aladen daji. Leptospirosis na bin ruwan da suka yi fitsari. Pseudorabies kuma tana kashe kare cikin kwanaki, tana kashe shanu da tumaki da awaki, shi yasa ba a ba kare ɗanyen namansu.

12. Na kama, yanzu yaya zan yi da su? Ni Musulmi ne bana son taɓawa.

A harbe su cikin kejin da sassafe, harbi ɗaya a kai, kar a bar su cikin rana suna wahala. Ka sa safar roba da takalmin ruwa, ka ja su da igiya ko bokitin tarakta, a binne da zurfi nesa da rijiya da rafi. Kashe dabbar da ke ɓata dukiya ba abin damuwa bane, inda maganar take shine ciniki, domin a Teksas akwai wuraren da aka ba izini suna sayen masu rai a kan nauyi, sayar da alade kuma haramun ne a Musulunci. Mafi sauƙi ka kira masu sana'ar tarko su yi aikin su tafi da abinsu, ko ka tambayi malaminka yadda zaka tsara yarjejeniyar. 'Yan uwanmu Kirista da ke ci su dafa ya nuna sosai har ciki.

Abu ɗaya ya hau kan kowa, haramun ne a doka ka ɗauki mai rai ka sake shi a wani daji. Wuraren da hukumar lafiyar dabbobi ta jihar ta amince kaɗai ake kai su.

13. Tunda Teksas ta yarda a harbe su, me yasa wasu jihohin suka hana farautarsu?

Saboda sun gano farautar ce ke yaɗa su. Tennessee ta buɗe farauta a duk jihar a 1999, sai mutane suka riƙa loda aladu a mota suna sakewa kusa da gida don su samu abin harbi, daga gundumomi 15 suka kai kusan 80 cikin 95, a 2011 dole aka soke tsarin. Missouri ta hana farautarsu a filayen hukumar kula da daji a 2016 don mafarauta na tarwatsa garken da ma'aikata suka shafe makonni suna lallaɓawa. Duk wanda ke samun kuɗi ko nishaɗi da alade baya son ya ƙare, shi yasa in wani yazo yace zai rage maka kyauta in ka barshi yayi farauta, ka tambaye shi ko yana da keji.

Ladan da wasu gundumomi ke biya ga wanda ya kawo wutsiyar aladen da ya kashe, kamar dala 5 kowace ɗaya, shima bai nuna yana rage su ba. An gwada a sansanin soja na Fort Benning a Georgia, adadin ma ƙaruwa yayi. Inda aka gama da su gaba ɗaya wuri ne killatacce ko inda basu yi yawa ba, kamar tsibirin Santa Cruz na Kalifoniya da aka kashe 5,036 tsakanin 2005 da 2006, da jihar Colorado da ta sanar ta kawar da nata a 2020. A Teksas maganar rage ɓarna ake yi.

14. Fili na ƙarami ne, ina zan fara kuma wa zai taimaka min?

Ka fara da maƙwabta. Garke ɗaya na yawo a filayen mutum goma, in kai ka kama naka na gefe yana zuba masa masara to banza ne. Ka je ka gaisa, ka nuna musu hoton kamararka, zaka tarar suma abin na cinsu, wani ma yana da keji a ajiye. Ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya mai kamara ya riƙa zagayawa, ku yarda babu mai harbi a inda ake zuba masara.

Kowace gunduma akwai malamin gona na Texas A&M AgriLife, shawararsa kyauta ce, kuma shi zai gaya maka ko gundumar na bada aron tarko ko tallafi. Akwai Texas Wildlife Services masu aikin tarko da jirgi, akwai shirin tarayya na yaƙi da aladun da aka kafa a 2014, dokar noma ta 2018 ma ta ware dala miliyan 75 ga wasu zaɓaɓɓun gundumomi. Ka ɗauki hoton ɓarnar da kwanan wata da faɗin wurin kafin kaje, zasu tambaya. Bayan ka kwashe garke kar ka cire kamarar, wani zai shigo ta rafin nan cikin 'yan watanni, kuma lokacin da ƙasa ta ƙare da abinci a ƙarshen sanyi shine suka fi saurin shiga keji.